Shiren: fassarar kyamarar waya ko ta kamfani?

A wasan bidiyo na Shiren the Wanderer, wanda kamfanin Chunsoft ya fitar a Japan a 1995, duk wanda aka kashe a kurkuku sai ya koma farko, kayansa sun salwanta. Shi ya sa rubutun da ke bayanin kowace ciyawa, tukunya da sanda da ake tsinta a wasan yake da nauyi.

Mai gaggawa yakan ɗauki bugun Japananci ya haska allo da kyamarar waya don ta fassara masa. Amfanin wannan hanya ɗaya ne, amma babba: akwai wasannin da kamfani bai taɓa fassarawa ba, kamar Shiren na biyu da ya fito a na'urar wasa ta Nintendo 64 a 2000. Matsalar ita ce inji ba ya riƙe suna ɗaya. Ciyawar da ya kira da wani suna a hawa na uku na kurkukun, a na goma sai ya sauya mata. Kai kuwa da haddace sunayen nan kake tsira, tunda wata tana warkarwa, wata tana sa barci dodo na tsaye a kanka. Ga gajiyar ɗaga waya kowane taku.

Fassarar kamfani sai an yi haƙuri. Sai a 2008 kamfanin Sega ya fitar da Shiren da Turanci, a Nintendo DS. Amma sunaye ba sa canzawa, bayani gajere ne, barkwancin mutanen ƙauye ma yana fitowa.

Ni dai in akwai ta kamfani, ba na waiwayar waya.