Canjin oyil sil da man shokozoban gaba: aikin ciki ya yi, ɗaurin ne da gyara

Babur ɗin da aka yi wa aikin Bajaj Boxer BM150 ne, mai birkin tukunya a gaba da taya inci 17. Abin da aka biya shi ne a sauke ƙafafun shokozoba biyu, a wanke su, a canja oyil sil (robar da ke hana mai yoyo) da robar da ke tare ƙura, a zuba sabon mai. A nan ba ni da ƙorafi. Yoyo ya tsaya, gaban ya daina dukan ƙasa idan an faɗa rami. Bakaniken da sirinji ya auna man, kowace ƙafa daidai da 'yar'uwarta, kuma man shokozoba mai lambar kauri 10W ya zuba, ba ragowar man inji ba kamar yadda wasu ke yi.

Inda aikin ya gaza shi ne wajen mayar da kaya. Babur ya fito da ciwo uku da bai shiga da su ba: kai ya ɗan karkace idan ana tafiya miƙe, tayar gaba ba ta juyawa sakayau idan an ɗaga ta, birki kuma yana gurza sau ɗaya a kowane zagaye. Ba wani abu da ya lalace. Notuna aka ɗaure ba bisa jeri ba, kowanne aka matse shi tamau tun kafin na kusa da shi ya zauna.

Karkacewar kai ita ce mai sauƙi. Ƙafafun biyu suna bi ta cikin maɗauri biyu, na sama da na ƙasa, kuma idan aka matse na ƙasa alhali sun ɗan murɗe, haka za su zauna. Ka ɗora babur a kan babban jak, ka sassauta notunan maɗaurin ƙasa, da na madigadi, da notin aksil, wato sandar da taya ke juyawa a kanta. Sassautawa kawai, ba cirewa ba, na sama kuma a bar su a ɗaure don kada ƙafar ta zame. Madigadin nan mutane na raina shi, amma ƙarfensa ya haɗa ƙafafun biyu, kuma idan aka fara matse shi zai riƙe su a murɗe ko me ka yi daga baya. Ka sa taya tsakanin gwiwoyinka, ka murɗa kan har ya fuskanci gaba sosai, ka sauke babur, ka danna gaban ƙasa da ƙarfi sau biyar ko shida. Wannan dannawar ce ke sa kowane ƙarfe ya nemi mazauninsa.

Akwai gwajin da ya kamata a yi tun kafin taya ta hau, wanda aka tsallake a wannan aikin: a zura aksil shi kaɗai ta ramukan ƙafafun biyu. Ya kamata ya wuce da turin hannu. Idan sai da guduma, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko aksil ɗin ya lanƙwashe, ko bututun shokozoban kansa. Mirgina aksil a kan gilashi zai nuna maka. Idan yana ɗingishi, canja shi ya fi buga shi. A baburan da bututun ke leƙowa ta saman maɗauri, a auna leƙowar da ma'auni, domin bambancin milimita 2 ya isa ya sa aksil ya ƙi wucewa.

Nauyin taya yawanci daga ƙananan ƙarafan da ke raba ta da ƙafa yake. Akwai kwala, wato gajeren bututun ƙarfe, a waje, akwai kuma dogon bututu a cikin cibiyar taya tsakanin boris biyu. Idan aka manta na cikin, matse noti zai danne boris, taya ta yi nauyi, boris ya ci kansa cikin 'yan kwanaki. Sai giyar sifidomita: haƙoranta dole su faɗa gurbinsu a cibiyar taya, in ba haka ba farantin birki ba zai kwanta daidai ba.

Farantin birkin ma yana da tsaga da ke shiga wani ƙarfe da ya fito a jikin ƙafar shokozoba. Shi ke hana farantin bin taya idan an taka birki. Wannan ba wurin wasa ba ne. Idan bai shiga ba, birkin farko mai ƙarfi zai juya farantin ya fizge waya. A nan ya shiga, amma takalman birki ba su zauna tsakiyar tukunya ba, shi ya sa gurzawar. Maganin: notin aksil na sake, ka juya taya, ka kama birkin gaba da ƙarfi, ka riƙe, wani ya matse notin kana riƙe. Takalman da kansu za su ja farantin zuwa tsakiya. Bayan nan a matse maɗaurin ƙasa, madigadi ya zo ƙarshe, sannan a gyara wayar birki a bar wa hannun ɗan wasa kafin ya fara kamawa. Wayar ma a duba hanyarta, don idan ta bi bayan madigadi ta matse, birki zai riƙa kama kansa duk lokacin da shokozoba ya miƙe.

Ga masu birkin faifai jerin bai canja ba, sai dai idan ƙafar tana da ƙananan notunan da ke cije aksil, su ne ake matsewa bayan an danna gaban, ba kafin nan ba. Kalifa kuma, wato abin da ke matse faifan, a mayar da ita bayan taya ta zauna, a shafa wa sandunan da take zamewa a kai giris ɗin birki, a yi ta matsa hannu har ya yi tauri kafin a hau titi.

Abu guda da na so bakaniken ya faɗa da kansa: shokozoban da ya daɗe yana yoyo kan sauke mai har wurin birki. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa da fetur, goga shi da sanfefa ma na kwana biyu ne. Sabo ake saye, a wanke tukunyar kafin a sa.

Zan iya sake kai masa aikin cikin shokozoba, amma sai ina tsaye a kansa lokacin ɗauri. Kafin kuɗi ya fita daga aljihu, a ɗaga gaba a wulla tayar da hannu a saurara, sannan a juya kai hagu da dama a ji ko yana sarƙewa a tsakiya. Idan yana yi, notin wuya aka matse fiye da kima, ko boris ɗin wuyan ya riga ya yi rami.