Murhun Gashi Na Tangaran: Wanne Ya Dace Da Kai, Kuma Me Za Ka Duba Kafin Ka Biya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon yadda ake manna gurasa a jikin tanderu ya riga ya fahimci rabin aikin murhun da ake kira kamado. Yumɓu yana shan zafi a hankali, ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa daidai. Abin da kamado ya ɗara tanderu da shi shi ne murfi mai rufuwa ruf, da ƙofofin iska biyu, ɗaya a gindi ɗaya a ka, waɗanda da su ake juya wutar yadda aka ga dama. Wannan rufuwar da waɗannan ƙofofin su ne ainihin abin da kake saye. Murhun da iska ke kutsa masa ta gefen murfi, komai kyan fentinsa, katuwar tukunya ce kawai mai tsada.

Kalmar kamado ta Japananci ce, ma'anarta murhu. Sojojin Amurka da suka zauna a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun ga tukwanen yumɓu masu murfi da ake dafa shinkafa a ciki, suka riƙa komawa gida da su suna gasa nama. A 1974 wani ɗan kasuwa mai suna Ed Fisher ya fara sayar da irinsu a birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka, daga nan aka samu kamfanin Big Green Egg. Kamado Joe ya biyo baya a 2009, shi ma daga jihar Jojiya. Murhunan farko na yumɓu suna yawan tsagewa, na yanzu kuwa da tangaran mai jure wuta sosai ake yin su, a shafe bayansu da ƙyalli.

Kafin a shiga maganar iri, akwai wanda bai kamata ya saya ba. In burinka tsire ne da balangu na taron jama'a, wannan ba murhunka ba ne. Tsire yana son fili mai faɗi da wuta a buɗe da hannu yana juyawa ba tsayawa, shi kuwa kamado a rufe ake aiki da shi. Ka bar murfinsa a buɗe minti biyar, iska ta cika shi, wutar ta ƙwace maka. Rabin duro da waya sun fi shi wannan aikin, kuma da kuɗi kaɗan. Inda ba a kama ƙafarsa shi ne gashin da ke son lokaci: kaza ko zabo sukutum, cinyar rago, haƙarƙari, ƙirjin sa da ake bari awa 10 zuwa 14, babban kifi, burodi da fiza. Saboda iska kaɗan ce ke ratsawa, naman ba ya bushewa, kuma cikin murhu ɗaya na gawayi, kilo 2 zuwa 3, yana iya wuce awa 12 a ƙaramar wuta.

Tangaran ko ƙarfe?

Akwai masu siffar kamado da aka yi da ƙarfe ninki biyu, irin su Char-Griller Akorn da Weber Summit Kamado. Sun fi sauƙin ɗauka, Akorn bai kai kilo 50 ba, in ya faɗi lotsewa zai yi ba fashewa ba. Suna saurin ɗaukar zafi, suna kuma saurin sauka in ka zarce. Matsalar mai arahar cikinsu tsatsa ce, musamman a tiren toka, inda toka ke haɗuwa da laima ta cinye ƙarfen. Tangaran ba ya tsatsa, yana iya shekaru da dama, kuma da zarar zafinsa ya zauna ba ya yawan motsi. Amma yana da nauyi, yana fashewa, in kuma ka bari ya haura digiri 200 na ma'aunin Celsius alhali 120 kake nema, sai ka jira awa ɗaya ko fiye kafin ya sauko. Wanda yake haya yana yawan ƙaura, ko mai son sa murhu a bayan mota, ƙarfe ya fi masa. Mai gidan kansa da zai ajiye shi wuri ɗaya, tangaran.

Girma

Da faɗin wayar gashi ake auna su. Ƙananan, irin MiniMax da Joe Jr, kimanin santimita 33 ne, kaza ɗaya suke ɗauka, nauyinsu ya haura kilo 30. Matsakaicin da aka fi saye, wato Large na Big Green Egg da Classic na Kamado Joe, santimita 46 ne. Large ɗin shi kaɗai kilo 73 ne. Manyan, XL da Big Joe, santimita 61 ne, nauyi daga kusan kilo 100 zuwa sama.

Ga gida mai mutum shida zuwa goma, mai santimita 46 ya wadatar: kaji uku, ko cinyar rago ɗaya da dankali a gefe. Kuma shi ne girman da aka fi samun kayan gyaransa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Mai 61 yana da amfani ga wanda ke gasa haƙarƙarin rago a shimfiɗe ba tare da yankawa ba, ko mai yawan baƙi lokacin Babbar Sallah, sai dai kowace kunnawa ya fi cin gawayi ko da kifi ɗaya za a gasa. Ƙaramin kuwa mutane suna sayensa don arha, bayan wata biyu su ga ya yi musu kaɗan.

Bambancin kamfanoni

Big Green Egg ginin gargajiya ne mai sauƙi, tangaran ɗinsa yana da kyau, amma kusan komai dabam ake sayensa: ƙafar da zai zauna a kai, teburan gefe, da farantin tare zafi da ake sawa tsakanin garwashi da nama, wanda suke kira convEGGtor. Kamado Joe Classic II yakan zo da waɗannan a haɗe, ga waya mai hawa biyu da aka raba rabi da rabi, ga aljihun kwashe toka, ga mahaɗin murfi da ke sa murfin ya yi sakayau a hannu. Primo yana yin nasa a siffar ƙwai kwance, abin da ke ba ka damar tara garwashi a gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen babu wuta, kuma dogon nama ya fi zama a ciki. Monolith na Jamus ne, ya fi yawa a kasuwannin Turai. Saboda haka kada ka gwada farashin murhu da murhu. Haɗa kuɗin murhu da ƙafa da farantin tare zafi da rigar rufewa, sannan ka gwada.

Sai waɗanda ba su da sanannen suna, yawanci daga Sin, da rabin kuɗin ko ƙasa da haka. Ba duka ne marasa kyau ba, manyan kamfanonin ma wasu a can ake yi musu. Inda ake rage kuɗi shi ne a ƙarafa: ɗamarar da ke riƙe murfi siririya, sifirin na mahaɗin murfi mai saurin saki, ƙofar iska da ba ta rufuwa sosai. Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ɗaya ce: in tukunyar wuta da gawayi ke zama a ciki ta fashe, ko gaskit ɗin da ke liƙe a bakin murfi ya ƙone, a ina zan samu wani? In ya fara kame-kame, ka san matsayinka. Garantin manyan kamfanoni a kan tangaran yana da tsawo, amma na mai sayen farko ne da ya saya a hannun dilan da suka amince da shi. Wanda ya sayi na hannu, ko ya sa aka yo masa oda daga wata ƙasa, kada ya dogara da shi.

Abin dubawa da hannunka

Fara da murfi. Sa takarda tsakanin murfi da gindi, ka rufe, ka ja. Ka yi haka a gaba da baya da gefe biyu. In ta zare salin-alin a wani wuri, iska za ta shiga ta nan. Wani lokaci sassauta ɗamara a daidaita murfin yana gyara abin, wani lokaci kuwa bakin tangaran ɗin ne ya karkace tun daga masana'anta, wannan ba shi da magani.

Gaskit, wato abin da aka liƙa a bakin murfi da bakin gindi, iri biyu ne. Mai kama da bargo yana da arha kuma kowa zai iya sauya shi, amma babbar wuta tana ƙona shi, mai yawan gasa fiza zai iya sauyawa duk shekara. Na zaren gilashi da aka saƙa da waya ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, ya kuma fi tsada.

Daga nan ka ciro kayan ciki ka duba. Akwai tukunyar wuta inda gawayi ke zama, da faifan ƙarfe mai huji a ƙasanta, da zoben da waya ke hawa. Tukunyar wuta ita ce ta fi shan azaba, ita ce kuma ta fi tsagewa. Shi ya sa ake yi wa wasu tsaga guda tun daga sama har ƙasa don su samu wurin buɗawa in sun yi zafi, kada ka ɗauka lahani ne. Wasu kuma gida-gida ake yin su, ɓangare biyar ko shida, in ɗaya ya karye shi kaɗai za a sauya. Siraran layuka kamar yanar gizo a jikin ƙyallin waje ba komai ba ne. Tsagar da farce ke shiga a gindi ko a murfi kuwa, ka bar musu kayansu. Ƙwanƙwasa jikin da yatsa: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsabta, mai tsaga sai ka ji shi dum.

Hular sama, wato marufin ƙofar iska ta sama, in ta baƙin ƙarfe ce tana son a riƙa shafa mata mai, in ba haka ba ta yi tsatsa. Ta alminiyam ba ta da wannan matsalar, kuma wasu an yi su yadda ruwan sama ba ya shiga ko da suna buɗe. Ƙofar ƙasa ta kasance da raga mai tare tartsatsi.

Gawayi da wuta

Gawayin itace zalla ake sa masa, manyan gutsattsari kamar dunƙulen hannu. Gawayin ƙirya da na marke masu nauyi ne, suna daɗewa, sun dace da shi ƙwarai in sun ƙonu sosai. Wanda bai gama ƙonewa ba, mai launin ƙasa-ƙasa a ciki, zai yi ta hayaƙi mai ɗaci. Tankaɗe garin da ke gindin buhu ka ware shi, domin shi ne ke toshe hujin faifai har wuta ta ƙi tashi. Dunƙulallen gawayin inji yana barin toka da yawa, ita ma toshewar take yi.

Kananzir da fetur ba sa kusantar wannan murhu ko sau ɗaya. Cikinsa ba shi da ƙyalli, yana tsotse su, warin kuma ya riƙa fitowa a nama na tsawon lokaci. Ɗan ƙyallen takarda da aka jiƙa da man gyaɗa ya isa. Binne shi a tsakiyar gawayin, ka kunna, ka bar murfi a buɗe kamar minti 10, sannan ka rufe ka buɗe ƙofofin biyu. In ya rage digiri 30 ka kai inda kake so, fara rage su. Don gashin hankali, digiri 110 zuwa 120, ƙofar ƙasa ba ta wuce buɗin rabin santimita zuwa ɗaya ba, ta sama kuma ɗan siriri. Don kaza, digiri 180 zuwa 200, ƙasa kamar faɗin yatsu biyu. Jira minti 15 bayan kowane gyara kafin ka sake taɓawa, kuma kada ka ɗora nama sai farin hayaƙi mai kauri ya wuce. Farantin tare zafi shi ke mai da murhun tanda, in babu shi gashin awa 10 ba zai yiwu ba. Kaza ta nuna in cikinta ya kai digiri 74, ƙirjin sa kuwa sai ya kai 90 zuwa 95 yake laushi.

Ga wani haɗari da sabon shiga bai sani ba. In zafi ya haura digiri 150, ko ka rufe ƙofofi wuta na tsaka da ci, kada ka ɗaga murfi gaba ɗaya. Wutar a ƙishirce take da iska, tana samu za ta yo waje ta lashe gashin hannu da gira. Ɗaga shi kamar santimita 5, ka dakata, ka yi haka sau biyu ko uku, sannan ka buɗe kana tsaye a gefe. Kuma a waje ake kunna shi, ba a ɗaki ko gareji ba, domin iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Kula da shi

Girki uku ko huɗu na farko kada su wuce digiri 175, don gam ɗin gaskit ya kama. Bayan su ka bi notocin ɗamara da sifana ka ƙara ɗaurewa, ka kuma riƙa yin haka sau biyu a shekara, saboda murfin da ɗamararsa ta saki yana iya zamewa ya tarwatse a ƙasa. In an gama gashi a rufe ƙofofin biyu, wutar ta mutu da kanta, ragowar gawayin a yi amfani da shi gobe. Ba a zuba masa ruwa yana da zafi, ba a kuma wanke cikinsa da sabulu. A motsa tsohon gawayi toka ta zube kafin kowace kunnawa, a kwashe ta bayan girki biyu ko uku. Duk sanda ka ciro tukunyar wuta ka mayar, tabbatar bakinta ya yi saiti da ƙofar ƙasa, yawancin masu kukan murhu ya ƙi zafi nan ne matsalarsu.

Da damina, in aka rufe shi ruf da maiƙo a ciki, fumfuna takan fito. Cika shi da gawayi, ka kai shi digiri 300 na tsawon minti 30 zuwa awa ɗaya, ya huce, ka goge cikin da dunƙulen takardar alminiyam. In zai daɗe a ajiye, bar ƙofofin a ɗan buɗe ƙarƙashin rumfa. Ma'aunin zafin da ke murfi yana kaucewa, gwada shi a tafasasshen ruwa, ya nuna kusan digiri 100, in bai nuna ba akwai noti a bayansa da ake juyawa.

Ranar ɗauko shi ma tana cikin lissafi. A ciro kayan ciki a naɗe kowanne dabam, murhun ya yi tafiya a tsaye a kan katifa ko taya, a ɗaure. Mutum uku ne ke ɗaga mai santimita 46, ɗaya ya sa hannu ta ƙofar ƙasa, ba a kama mariƙin murfi ko mahaɗinsa. In a kan teburin katako za a girke shi, a sa bulo ko dutse a ƙarƙashi tare da 'yan ƙafafun da za su bar iska ta ratsa, domin gindinsa yana yin zafin da zai babbake katako a hankali ba tare da kowa ya lura ba.