Akwatin wutar fedojin jita: yadda 1 Spot Pro CS7 ya yi mini aiki a Jos

Duk makaɗin jitar da fedojinsa, wato ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa don canza sautin jita, suka haura huɗu a garin nan, kafin ya ƙara sayen wata, ya fara duba abin da ke ba su wuta. Shawarar da nake ba yaran da ke zuwa koyo wurina a Tudun Wada ke nan, kuma yawancinsu ba sa so su ji, domin akwatin wuta ba ya fitar da sauti, ba ya da kwalliya, ba wanda zai gan shi a ƙarƙashin katako ya ce ka burge. Ni ina aiki da Truetone 1 Spot Pro CS7 tun damunar bara, ranar Lahadi a majami'a, ranar Asabar a wuraren biki daga Bukuru har Farin Gada, kuma a kansa zan yi magana.

A kan katakon da nake jera fedojina akwai tuna ta Boss TU-3 mai saita igiyoyi, da Cry Baby mai sa jita ta yi kukan "wa-wa", da kwamfuresa mai daidaita ƙarfin sauti, da fedojin ƙara kaushin sauti guda biyu, SD-1 da Tube Screamer, sai DD-7 mai maimaita sauti, sai RV-6 mai ba da amon ɗaki. A da, adafta ɗaya ce ke ciyar da su duka ta wayar nan mai kawuna da yawa da ake jonawa daga wannan zuwa wancan. Lokacin da fedojin kaushi ne kawai a kanta, ban taɓa samun matsala ba, kuma har gobe ba na hana kowa amfani da ita. Ranar da na'urori masu ƙwaƙwalwar kwamfuta suka hau layin, wato DD-7 da RV-6, sai wani siririn fito ya fara biyo sautin, a ƙarƙashinsa kuma ga ƙugi mai kauri da ke tashi duk lokacin da na taka SD-1. A wurin biki ganga da hayaniya suna rufe shi. A majami'a, lokacin da aka yi tsit ana addu'a kuma aka ce jita ta riƙa bi a hankali, kowa yana jin sa har layin baya.

Dalilin ba boyayye ba ne. A irin wannan wayar, duk fedojin suna tarayya a kan layin ƙasa ɗaya ta ɓangaren wuta, sannan wayoyin sauti sun sake haɗa su ta wani ɓangaren. Hanya ta zama biyu ke nan, kuma nan ƙugi ke samun wurin zagayawa. Fedojin dijital kuma suna da agogon ciki mai bugawa da sauri, dattin bugun nan yana komawa cikin layin wuta, fedar kaushi ta ɗauke shi ta ninka shi, tunda aikinta ke nan, duk abin da ta samu ta ƙara masa ƙarfi. Maganin shi ne kowace feda ta samu wutarta ita kaɗai, ba ta haɗa layi da kowa ba. Abin da ake biya wa kuɗi a CS7 ke nan.

Ƙofofin wutarsa bakwai ne. Biyu suna ba da 9V mai 500mA, huɗu suna ba da 200mA kuma ana iya juya su tsakanin 9V da 12V da wasu ƙananan makunnai, ɗaya kuma 18V ce mai 100mA. Jikinsa ƙarfe ne, yana da ɗan nauyi, yana zuwa da wayoyinsa da wasu kawunan canji, har da na juya tabbatacce da korau, wato ɓangaren wuta mai alamar ƙari da mai alamar ragi. Kamfanin na jihar Tennessee ne a Amurka, a da sunansa Visual Sound.

Lissafin mA, wato ma'aunin yawan wutar da feda ke ja, shi ne inda yara suka fi ruɗewa. Wani ya taɓa ƙin jona fedarsa a ƙofar 500mA wai kada ta ƙone, alhali ita ba ta cin ko 10mA. Ba haka abin yake ba. mA kamar tuwo ne a akushi, ko an cika shi fal, feda iya cikinta za ta ci ta bar saura, amma volt ɗura ce, abin da ka ba ta shi zai shige ta ko tana so ko ba ta so. Saboda haka mA ya fi abin da ake buƙata ba laifi, ya gaza ne matsala, sai ka ga feda tana mutuwa tana tashi ko tana wani irin kuka. Volt kuwa dole ya zo daidai. SD-1 da Tube Screamer kowace ba ta kai 10mA ba. TU-3 tana cin wajen 30mA, ta haura 80mA idan ka kunna haskenta mai ƙarfi don wasan rana a fili. DD-7 tana neman 55mA, RV-6 kuma 65mA. Manyan fedojin Strymon irin su TimeLine da BigSky suna son 300mA kowace, su ne aka yi wa ƙofofin 500mA. Wanda yake da HX Stomp ta Line 6 kuwa ya riƙe adaftar da ta zo da ita, wadda aka rubuta wa 3A, wannan akwatin ba don ita aka yi shi ba.

Da na raba fedojina a ƙofofin CS7, fiton nan ya ɓace gaba ɗaya. Ƙugin ya ragu sosai, amma bai ƙare ba, zan zo kan wannan.

Abin da ya fi sa na zaɓi wannan a kan wasu shi ne abin da aka rubuta a bayansa: 100 zuwa 240V. Wutar Najeriya a takarda 230V ce mai 50Hz. A soket kuwa kowa ya san labari, akwai yammacin da fanka ke juyawa da kyar, akwai ɗakin bikin da janareta ɗaya ke ɗauke da firiza da fitilu da lasifikoki, duk lokacin da firizar ta tashi sai fitilu su yi kamar za su mutu. Akwatunan da ke aiki da tiransifoma mai nauyi, irin Pedal Power 2 Plus na Voodoo Lab, suna da suna sosai kuma sun cancanta, amma kowanne an yi shi ne don wutar ƙasa ɗaya, akwai na 120V na Amurka, akwai na 230V na Turai. Irin wannan ƙirar tana son wutar bango ta tsaya kusa da inda aka ƙaddara mata. Idan ta faɗi da yawa, abin da ke daidaita 9V ɗin ba ya samun rarar da zai yi aiki da ita, sai ƙugi ya shigo. Shi kuwa CS7 ko wutar ta yi ƙasa sosai, fedoji ba sa sanin an yi. Na gan shi a wani biki a Rayfield, amfilifayar bas tana ta shaƙewa, katakona ko gezau.

Wannan batu yana da muhimmanci ga masu sayen kayan hannu ko masu roƙon ɗan'uwa ya taho musu da kaya daga Amurka. Kafin ka soka komai a bango, juya shi ka karanta. Idan 120V kawai aka rubuta, sai da tiransifomar rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani. Ojai da Zuma na Strymon, da DC7 na kamfanin Cioks na Denmak, duk suna karɓar faɗin wuta irin na CS7, sai dai sun fi shi tsada. DC7 ɗin siriri ne kuma kowace ƙofarsa ana iya sa ta a 9 ko 12 ko 15 ko 18V. Da aljihu ya yarda, da shi zan ɗauka.

Amma 240V iyaka ce. Wutar da ta yi sama, ko ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ko tsawar damunar Filato ta bi waya, ba ruwan akwatin da kare ka daga wannan. Ni ina jona shi ne a bayan soket mai kariya, idan janaretan wurin bai kwanta mini a rai ba kuma in sa ƙaramar sitabilaiza. Kuma ba na barin sa a jone lokacin da ake tayar da janareta, sai injin ya daidaita tukuna.

Akwai akwatuna masu araha da ake kawowa daga Sin, masu ƙofofi takwas ko goma da shuɗayen fitilu, an rubuta a kwalinsu cewa kowace ƙofa a ware take. Wani ɗalibina ya sayo ɗaya, fiton da yake gudu ya biyo shi. Muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a wajen Dilimi. Ko buɗe shi bai yi ba. Ya zare shi daga wuta, ya soka wayoyi biyu a ƙofofi biyu, ya juya mitarsa zuwa inda take ƙara idan waya ta haɗu, ya taɓa tsakiyar kan wannan da tsakiyar kan wancan. Mita ta yi tsuwwa. Ya bi sauran ƙofofin, duk haka.

"Baba, ke nan ba a ware suke ba?" in ji yaron.

"Ɗana, layinsu ɗaya ne a ciki. Abin da suka ware shi ne idan ƙofa ɗaya ta yi shot, sauran ba za su mutu ba. Ka sayi waya mai kawuna ce da aka sa wa akwati."

Na ba dattijon nawa ya gwada, mita ta yi shiru a kowace ƙofa. Gwajin bai ɗauki minti biyu ba, kuma duk mai gyaran waya ko rediyo a Taminus yana da irin mitar. Wanda zai saya a Jos ko ya aika Alaba a Legas, ya nemi a yi masa wannan gwaji kafin kuɗi su bar hannunsa. Ba wai rashin warewa zunubi ba ne, DC Brick na MXR ma ba a ware yake ba kuma ba su ce a ware yake ba, mutane da yawa suna amfani da shi lafiya. Abin haushi shi ne a sayar maka da abu da sunan da ba nasa ba.

Sai batun kan adafta, wanda ya fi kashe fedoji a majami'u fiye da duk wata matsalar wuta. Yawancin fedoji suna bin tsarin Boss: 9V, kai mai 2.1mm, tsakiyarsa korau, bayansa tabbatacce. Kusan duk sauran kayan gida akasin haka suke. Adaftar kibod ɗin Yamaha irin PA-150 12V ce mai tabbataccen tsakiya, haka yawancin na dikoda da na akwatin intanet. Kan yana shiga daram, shi ne tarkon. A bayan dandali inda wayoyi suka cakuɗe, yaro mai son taimako zai ɗauko ta kibod ya soka a fedarka. Akwai ɗan zane a jikin kowace adafta da kowace feda mai nuna alamar ƙari da ta ragi, a koya wa yara karanta shi. Haka wayar nan ta fawa-banki da ke ɗaga 5V zuwa 9V, wadda ake sayarwa don akwatin intanet. Tana iya tayar da feda, amma sai an juya kanta, kuma wasunsu suna da nasu fiton. Wasu tsofaffin kaya kuma, kamar DL4 ta farko ta Line 6 da Whammy ta huɗu ta DigiTech, 9V suke so amma AC, wato wuta mai kai-komo irin ta soket, wadda CS7 ba ya bayarwa, don haka mai irinsu ya bincika da kyau kafin ya saya.

Inda akwatin bai cika mini ba, na farko ƙofar 18V ɗin nan. Idan ba ka da feda mai karɓar 18V, irin OCD ta Fulltone da ke buɗe murya idan ta samu, to a zahiri ƙofofi shida gare ka. Fedojina bakwai ne, sai na haɗa SD-1 da Tube Screamer a ƙofa ɗaya ta 200mA da gajeriyar waya mai kai biyu. Tunda dukansu ba na dijital ba ne, ba su yi faɗa ba. Na biyu, makunnan 9 da 12 ɗin ƙanana ne, ni na lulluɓe nawa da salatif don kada hannun wani ya kai. Na uku, yana da kauri, idan katakonka kwantacce ne a ƙasa sai ka yi masa ƙafa ko ka ba shi wurin feda guda a sama. Kuɗinsa kuma, da yadda dala take, ya kai na feda mai kyau.

Ba ya da batir a ciki. Aka ɗauke wuta ya mutu tare da kowa, idan ta dawo DD-7 ta tashi ba tare da saurin maimaitawar da na saita mata da ƙafa ba, sai na sake. Shi ya sa har yanzu akwai batir 9V a cikin tuna da SD-1, ko da za a ce in zare in yi da su kaɗai. Wanda ke yin haka ya tuna, muddin wayar jita tana soke a ƙofar shiga, batir yana ci ko fedar a kashe take. Batir mai kyau bai wuce 500 zuwa 600mAh ba, a fedar kaushi zai daɗe, a DD-7 ba zai kai ka ƙarshen bikin yini guda da kwanciyar hankali ba.

Ragowar ƙugin da na ce bai ƙare ba, ba daga akwatin yake ba. Jitata mai siraran fikof ce, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin igiyoyi, irin ta Stratocaster, tana jawo ƙugin 50Hz daga iska, musamman kusa da fitilu masu rahusa da cajar waya. Idan na juya jikina ya ragu, na sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na biyu ko na huɗu ya tafi. Sannan gine-gine da yawa da muke wasa a cikinsu soket ɗinsu ƙafa uku ne amma ta ukun ba a haɗa ta da wayar ƙasa ba. Alamarsa ita ce ƙugin ya canza sosai idan ka taɓa igiyoyin jita, wani lokaci ma makirfo ya ɗan tsunkule ka a leɓe. Wannan aikin mai wayarin ne, kuma ba abin wasa ba ne, kada wani ya ce maka a karya ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya don ƙugi ya tafi. Da hunturu kuma, idan iska ta bushe, robar gaban jita tana tara wata ƙara ƙas-ƙas idan yatsa ya goge ta, wannan ma ba laifin wutar fedoji ba ne.

Mai fedoji biyu ko uku na kaushi, adaftar 1 Spot ta talakawa mai 1700mA da waya mai kawuna ta ishe shi, ita ma tana karɓar 100 zuwa 240V, ya ajiye kuɗinsa ya sayi igiyoyi. Mai na'ura guda ɗaya mai komai a ciki, irin su Zoom ko Boss GT, ya riƙe adaftarsa ta asali ya rubuta sunansa a jiki. CS7 na wanda ya cakuɗa dijital da na kaushi ne, fedoji biyar zuwa takwas, yana yawo da su daga wannan janareta zuwa wancan.