Sutudiyon da ke mayar da littafi fim a Aboabo: inda ya iya da inda ya gaza

A unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, akwai wani ƙaramin sutudiyo, ɗaki biyu a saman shagon masu gyaran waya, wanda asalin sana'arsa ɗaukar biki da suna da walimar saukar karatu ce. Yanzu ya buɗe sabon aiki: marubuci ko ƙungiyar makaranta su kawo littafin labari, a mayar musu da shi fim mai dogon zango na YouTube. Aikin hawa uku ne, kowanne da kuɗinsa, ana biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya: rubutun fim, ɗaukar kashi na farko na gwaji, sai tacewa da saka fassara a ƙasan allo.

Hawa na farko shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma nan ne suka fi rauni. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce shafi ɗaya na rubutun fim ya ba da kusan minti ɗaya a allo, don haka kashi mai minti 25 shafi 25 ne, fitowa 12 zuwa 15. Littafi mai shafi 200 ba zai shiga haka ba sai an yi masa aski. Marubucin sutudiyon kuwa yana jin nauyin yanka. Inda littafi ya kwashe shafi uku yana faɗin abin da ke zuciyar amarya daren da aka kai ta, sai ya sa ta zauna bakin gado tana magana ita kaɗai. Mai karatu yana jure wannan a takarda, mai kallo ba ya jurewa. Maganinsa a ba ta ƙawa ko gwaggo da za ta yi wa maganar, ko a bar hannunta da idonta su yi aikin. Haka ƙawaye biyar na littafi, a fim biyu sun isa, domin kowace ƙarin fuska kuɗin mota ne da abinci da kayan sawa. Ku nemi a fara ba ku jerin fitowa, layi biyu-biyu, kafin a rubuta ko kalma ɗaya ta hira. Gyara a nan kyauta ne. Bayan an kunna kyamara, kuɗi ne.

Wajen hoto ba mu da ƙorafi. Shekarun ɗaukar biki sun koya musu yadda ake haska baƙar fata a cikin ɗaki mai duhu, sun kuma san tsakar gidan haya na Zango ciki da bai: layin ƙofofi, igiyar shanya, murhun gawayi, famfo ɗaya na kowa. Kyamara ɗaya suke da ita, wato kowace fitowa sai an maimaita ta sau uku aƙalla, daga nesa sannan fuskar kowane mai magana. Shafi huɗu zuwa biyar ke nan a yini. Wanda ya ce muku zai gama kashi guda a kwana biyu, daga nesa kawai zai ɗauka.

Sauti ne ke zubar musu da mutunci. Makirufo ɗaya ce a kan sanda, unguwar kuma ba ta shiru: ƙarar pragya (keke mai ƙafa uku na haya), injin niƙa, lasifikar masallaci, janareta in wuta ta ɗauke. Da ruwa ya sauko a kan rufin kwano an tashi aiki, shi ya sa Mayu da Yuni ba watannin ɗauka ba ne a Kumasi. A sa cikin yarjejeniya cewa za a yi hayar ƙananan makirufo biyu na maƙalawa a riga, a kuma naɗi minti ɗaya na shirun kowane ɗaki don mai tacewa ya cike giɓi. Sai batun harshe. Littattafan da ake kawowa yawanci Hausar Kano ce, 'yan wasan kuma 'yan unguwannin Asawase ne da Sawaba na Kumasi. In aka tilasta musu haddar Kananci sai magana ta fito kamar karatun allo. Gara a dawo da labarin cikin Zango ɗungurungum, a bar su su yi Hausarsu da 'yar Tuwi, harshen Asante, da ke shiga ciki.

To wane littafi ne zai yiwu a hannunsu? Masu karatu sun fi kiran manya. Ana yawan ambaton The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, wanda ya fito a 2018, labarin garin Salaga na arewacin Ghana a ƙarshen ƙarni na 19. Wannan dawakai yake so, da kasuwar goro da ta bayi, da fada, da ɗaruruwan mutane cikin tufafin zamanin. Ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, da kuɗin gwamnatin Najeriya aka yi shi. Wanda ya dace da ƙarfin sutudiyon shi ne irin The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, na 2005: gajerun labarai, teburin mai shayi, wasunsu a lungu guda. Haka littattafan zaman aure da kishi, waɗanda duk rikicinsu a tsakar gida yake ƙarewa.

Sai dai duk waɗannan da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, Act 690 ta 2005, tana kare littafi tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, sutudiyon kuwa ba ya tambayar takardar izini, wanda ya kawo littafi shi ya ɗauki alhaki. Izini ta saƙon murya a WhatsApp ba ya hana a sauke fim ranar da marubuciya ta kai ƙara YouTube. A rubuta a takarda: wane littafi, shekara nawa, kaso nawa, da wanda ke da tashar. Na ƙarshen nan a kula da shi, don sutudiyon ya fi son a ɗora a tasharsa, cikakken kuɗin talla kuma ba ya fara shigowa sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12.

Shawararmu, a biya hawa na farko kaɗai, a tara 'yan wasa su karanta rubutun da ƙarfi ana duba agogo. In ya wuce minti 30, a koma a rage kafin a ba da kuɗin ɗauka.