Gwajinsu daidai ne, bakinsu ne ya kusa rusa min aure

Saura wata guda ɗaurin aurena na je wani ɗakin gwaji a wajen Zoo Road a Kano, tunda dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta gwajin ƙanjamau, ciwon hanta da sikila kafin aure. Aka ɗebi jini, aka ce in dawo bayan la'asar.

Da na dawo, yarinyar da ke kan kanta ta buɗe takardata, a gaban mutane ta ce, "Malam, ka fito fozitif a ciwon hanta." Shi ke nan bayaninta. Wallahi ban san yadda na hau adaidaita na isa gida ba. Kwana uku ban runtsa ba, har na fara shirya yadda Baba zai je ya ba iyayen yarinya haƙuri.

Allah ya sa na fara kai wa Kawu takardar, shi likita ne. Yana dubawa ya ce, "Kai yaro, ka taɓa yin rigakafin ciwon hanta nau'in B?" Na ce na yi, allura uku cikin wata shida. Sai ya nuna min layi-layi. HBsAg, wanda ke nuna ƙwayar cutar tana cikin jini yanzu, negetif. HBcAb, shaidar cewa cutar ta taɓa shiga jiki, negetif. HBsAb kaɗai ne fozitif, kuma wannan garkuwa ce da jikina ya haɗa saboda allurar. Harafi ɗaya ne tsakanin HBsAg da HBsAb, a kansa aka hana ni barci. Kawu ya ƙara da cewa ko a nau'in C, garkuwa ta fito fozitif ba ta tabbatar da cutar tana nan ba, sai an yi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta a cikin jini.

Gaskiya aikinsu ba laifi. Wurin fes, a gabana aka ɓare sabuwar allura, kuma da aka maimaita a wani wuri sakamakon bai sauya ba. Har na ce zan yafe.

To amma idan na tuna mutanen da ke kan bencin nan suna kallona, raina sai ya sake ɓaci. Da wani ɗan unguwarmu na cikinsu fa? Na koma na sami mai wurin, ya ba ni haƙuri sosai, amma da zan fito na ga yarinyar tana nan tana buɗe takardar wata baiwar Allah. Ni dai amaryata wani wuri na kai ta.