Kaya da Araha, Hannu da Tsada: Wasiƙa Daga Stuttgart

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun yi Kirsimeti lafiya, kun kuma shiga shekarar 2025 cikin ƙoshin lafiya, ku da Kawu da yara da dukan 'yan Zumuntar Mata. Kun ce in ba ku labarin yadda bikin ya kasance a Jamus, musamman ta fuskar cefane da hidimomin yau da kullum, tun da ku 'yan kasuwa ne, kuma labarin da babu farashi a cikinsa ba ya gamsar da ku. Ikkilisiyar da nake yi wa aikin sa kai ba ta sallamar masu aiki irina a ƙarshen Disamba, domin a lokacin ne hidimarta ta fi yawa, saboda haka abin da zan faɗa muku na gan shi ne tsakanin kicin ɗin coci da kantuna da tashar jirgin ƙasa.

A Jos, jajiberen Kirsimeti shi ne ranar da ɗan kasuwa ba ya ko zama, daga Terminus har Farin Gada ana ciniki har dare. A wannan jiha ta Baden-Württemberg kuwa, doka ce ta ce a rufe kantuna da ƙarfe biyu na rana ranar 24 ga Disamba, ba a kuma sake buɗe su sai ranar 27. Haka ake rufe su kowace Lahadi, haka kuma ranar 6 ga Janairu, wadda hutu ce a nan, ta kuma faɗo ranar Litinin a bana. Wanda gishirinsa ya ƙare a irin waɗannan ranaku, sai dai ya nufi gidan mai ko kantin cikin babbar tashar jirgi ya saya da tsada, domin babu maƙwabciya mai tebur a ƙofar gida. A kantin ma babu tayi, babu gyara, babu kuma “rubuta zan kawo gobe”. Mai karɓar kuɗi takan wuce da kayan mutum ta gaban na'ura cikin sauri, shi kuma ya kwashe abinsa da hannunsa cikin jakar da ya zo da ita daga gida. Ban ji daɗin wannan rufewa ba a matsayina na mai saye, amma akwai wata a ƙungiyar mawaƙanmu da ke aiki a irin wannan kanti, kuma dokar ce ta ba ta damar zama da 'ya'yanta har bikin ya wuce.

Abincin ƙasar ba shi da tsada idan aka auna shi da ladan aiki. Mafi ƙarancin ladan awa guda ya tashi daga yuro 12.41 zuwa 12.82 a farkon Janairun 2025, kuma da ladan awa ɗaya mutum zai sayi burodi da madara da ƙwai da ƙaramin buhun dankalin turawa, har ya karɓi canji. Sai dai ina roƙo ku ja kunnen samarin da za su ɗauki wannan adadi su juya shi zuwa naira, domin haraji da inshorar lafiya da kuɗin haya suna cinye kaso mai tsoka tun kafin a je kanti, ni kuma ba albashi nake karɓa ba, ɗaki ne da inshora da ɗan alawus. Abincinmu na gida shi ne abin marmari. A shagunan 'yan Afirka akan sami manja da garin rogo da busasshen kifi da attarugu, amma doya guda ɗaya ta fi wancan buhun dankali kuɗi, acha kuwa ban ganta a shagon da nake zuwa ba. Tumatirin hunturu daga Sifen da Holan ake kawo shi, ga shi ja santala-santala, amma miyarsa ba ta da armashi. Babu watanda, babu mai yanka akuya a tsakar gida, nama a cikin leda ake sayensa da nauyinsa a rubuce. Abin da zai ba mutanen Bokkos dariya shi ne, a gidaje da yawa abincin daren jajibere kwaɗon dankali ne da tsiran alade, babban girki sai washegari.

Inda kuɗi yake tafiya shi ne duk abin da sai ɗan Adam ya sa masa hannu. A gida, tun watan Nuwamba ake kai wa tela ɗinkin anko, ana kuma bin layin mai kitso, talaka ma yana iya biya. A nan, sauya zif ɗin rigar sanyi yakan kai ko ya zarce kuɗin da za a sayi wata rigar a shagon gwanjo, kitso kuwa sai mace ta yi tanadi, shi ya sa mu 'yan Afirka da ke cocin muka yi wa junanmu. Saboda gyara ya fi saye tsada, mutane sukan zuba tufafin da ba su ko koɗe ba cikin manyan akwatunan ƙarfe da aka ajiye a bakin titi. Wasu ana raba wa mabukata a ɗakunan tufafi irin wanda cocinmu yake da shi, inda ni ma na sami rigar sanyi da takalmi, wasu kuma ana sayar wa dillalai su bi jirgin ruwa zuwa Afirka. Duk lokacin da nake ninke su, dilolin kasuwar Katako nake tunawa.

Wuta ba ta ɗaukewa, ruwan famfo kuma ana shansa kai tsaye. Wani ɓangare na ruwan wannan birni daga tafkin Bodensee ake turo shi ta bututu, tafiyar fiye da kilomita 100. Damuwar dattawan ikkilisiya ita ce ɗumama gini. Sanyin Jos da muke taƙama da shi bai kama ƙafar na nan ba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin biyar na yamma kuma duhu ya rufe. Majami'ar tamu tsohon ginin dutse ce mai dogon rufi, kuma tun da gas ya yi tsada a shekarar 2022 ba a ɗumama ta sosai, sai a ajiye barguna a kan kujeru, bayan bikin kuma a mayar da sujada cikin ƙaramin zaure har sanyi ya ragu. Yadda kwamitinmu na gida yake lissafin man janareto, haka nasu yake lissafin gas.

Kuɗin tafiyar da ikkilisiya ba daga kwandon baiko yake fitowa ba. Duk wanda ya yi rajista a matsayin ɗan ikkilisiya, hukumar haraji ce take cire masa harajin coci daga albashi, wanda a wannan jiha kashi 8 cikin 100 ne na harajin kuɗin shigarsa. Saboda haka babu baiko na biyu da na uku, babu kiran sunaye a yi alkawari, baikon daren jajibere ma dungurungum aka miƙa shi ga Brot für die Welt, ƙungiyar agajin da ikkilisiyoyin Furotesta suka kafa a 1959. A daren nan majami'a ta cika maƙil har an yi sujada fiye da sau ɗaya, amma ranar Lahadin da ta biyo baya kujerun da babu kowa sun fi masu mutane yawa nesa ba kusa ba.

Aikina mafi nauyi shi ne liyafar da coci yake shirya wa waɗanda ba su da inda za su je a daren 24. Mun jera tebura da kyandir, muka dafa miya da nama da taliya irin ta yankin, muka buɗe ƙofa. Na zaci marasa gidaje kawai zan gani, sai ga tsofaffi cikin kwat da laktaye, masu fansho da ɗakin kansu, waɗanda 'ya'yansu suke wasu garuruwa ko kuma ba sa ga-maciji da su. Wani dattijo ya shigo da manyan jakunkuna biyu cike da robobin lemo da gwangwanaye, ya tura su ƙarƙashin kujerarsa, ya dafe su da ƙafa har ya gama cin abinci. Kowace roba irin wannan santi 25 ce idan aka mayar da ita cikin na'urar kanti, kuma tun da kantuna a rufe suke, dole ya yi gadin dukiyarsa har ranar 27. Wata tsohuwa kuma ta riƙe hannuna tana ba ni labari da Jamusancin yankin, wanda ko rabinsa ban fahimta ba, ba ta kuma damu ba, ita dai a zauna kusa da ita.

Mabukaci a nan ba ya kwana da yunwa idan ya san ƙofar da zai buga. Akwai Tafel, wadda aka fara a Berlin a 1993, yanzu kuma rassanta sun haura 900, tana tattara abincin da ya rage a kantuna ta ba masu ƙaramin ƙarfi a kan kuɗi kaɗan, amma sai mutum ya nuna takardar shaidar cewa samunsa bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma Vesperkirche a majami'ar Leonhard da ke tsakiyar gari, inda tun 1995 ake buɗe cocin na tsawon makonni bakwai daga tsakiyar Janairu, ana ba da abinci mai zafi, likita yana duba mutane, mai aski yana yi musu aski. Na yaba wa wannan tsari ƙwarai, domin gwauruwa ba ta jiran sai wani ya tuna da ita. Duk da haka ban ga yaro ko ɗaya ɗauke da kwanon shinkafa da cincin zai kai gidan maƙwabta ba, kamar yadda kuke aikenmu gidajen Kirista da Musulmi, kuma ba a zuwa gidan mutum sai an sa rana da lokaci.

Zirga-zirga ba ta ba ni wahala ba. Da tikitin wata guda, wanda ya tashi daga yuro 49 zuwa 58 a Janairun 2025, ana shiga bas da jiragen gajeren zango a duk faɗin ƙasar, kuma babu wanda ya ninka kuɗin mota don ya ga biki ya zo. Jiragen dogon zango dai suna makara, har 'yan ƙasar sun mayar da abin abin ba'a. Likitoci da yawa sukan rufe ofis tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, sai a kira lamba 116117 a ji wanda yake bakin aiki, kantin magani kuma ba ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, ko da mutum ya san sunansa da awonsa.

Game da saƙon da kuka ce za ku ba wanda zai taho, a sa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, da acha ko mudu biyu ne. Kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje a cikin kayan matafiyi, za a ƙwace su a filin jirgi, ana kuma iya cin tarar mai ɗauke da su. A gaida Kawu, a gaida Baba Fasto da Mama.

Taku,
'yarku da ke Stuttgart