Jirgin kwal na Cass: tafiyar da ba ta masu gaggawa ba ce

Tikitin jirgin da ke hawa dutsen Bald Knob muka yanka, wato doguwar tafiyar, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Amma kafin wani ya kwashi iyali ya nufi Cass a jihar West Virginia ta Amurka don ya ji na yaba, gara ya san abin da zai tarar. Jirgin ƙasa ne mai cin kwal, ga ƙara, ga hayaƙi, ga tafiyar hawainiya. Kilomita 18 ne kacal daga tasha zuwa saman dutsen, amma zuwa da dawowa sai da ya ci wajen awa huɗu da rabi.

Asali ma ba don mutane aka shimfiɗa layin ba. A 1901 kamfanin takarda na West Virginia Pulp and Paper ya kafa garin, ya sa masa sunan ɗaya daga cikin manyansa, Joseph Cass, ya kuma ja layin dogo zuwa cikin duwatsu don sauko da gumagumai. Taragun da ake zama a ciki yanzu, da yawansu na dakon katakon ne aka kafa wa benci da rufi, gefe a buɗe. Da wannan sanin na zauna, shi ya sa ban nemi kujera mai laushi ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kan jirgin. Irin da ake kira Shay ne, daga sunan Ephraim Shay, wani mai sana'ar katako da ya ƙirƙiro shi. Kafin mu tashi na zagaya ta damarsa na tsaya ina kallo. Duk aikin a wannan gefen yake, a fili, ba abin da aka rufe: fistin uku a tsaye suna sama da ƙasa, suna juya wani dogon ƙarfe da ya bi tsawon jirgin, shi kuma yana juya kowace ƙafa ta hanyar giya mai haƙora. Tukunyar ruwan an ɗan ture ta hagu don nauyin ya daidaita, sai ka ga jirgin kamar a karkace idan ka tsaya gabansa. Wani ma'aikaci na bin haƙoran yana ɗiga musu mai daga buta mai dogon baki, hannunsa baƙi ƙirin, bai ko ɗago kai ya dubi masu ɗaukar hoto ba.

Da ya tashi, in da ido a rufe ne sai ka rantse gudun fanfalaki yake yi, don bugun injin ba ya ƙaƙƙautawa. Ka buɗe ido ka ga mai keke ma zai iya wuce shi. An sayar da gudu ne aka sayi ƙarfi. Akwai inda layin ke hawa mita 11 a cikin kowane mita 100, alhali a manyan layukan dogo hawan mita 2 ma abin dubawa ne. A wurare biyu dutsen ya fi ƙarfin a hau shi kai tsaye, sai jirgin ya shiga wani guntun layi marar mafita ya tsaya, a juya masa hanya, ya ci gaba da hawa da baya. Saboda haka wani lokaci injin na bayanku yana turawa, wani lokaci yana gabanku yana ja. Idan yana gaba, to a shirya. Ɓurɓushin kwal ya riƙa zubo mana a ka da kafaɗa, har da ƙaiƙayi a wuya. Maiɗakina ta zo da farin mayafi, kuma har muka sauko ba ta daina harara ta ba, don ni na ce ai ba komai. A sa kaya masu duhu, a riƙe tabarau. Usur ɗin jirgin kuma idan ya busa a cikin kwari sai ka ji shi har ƙirji, ƙaramin yaronmu toshe kunne ya yi ta yi.

Ana tsayawa a hanya jirgin ya sha ruwa, kuma a Whittaker, kimanin kilomita 6 daga tasha, an sake gina sansanin masu sarar itace da ɗakunan kwanansu da manyan injinan jan gungume. Nan ne hankalina ya koma kan dajin da muke ratsawa. Yana da kyau, kore shar, amma kusan duk sabon tsiro ne. Wanda ke nan tun fil azal irin waɗannan injinan ne suka kwashe shi, musamman itacen spruce da ake niƙawa a yi takarda. Kamfanin katako na Mower ya karɓi aikin a 1942, ya rufe a 1960, aka shirya sayar da layin da jiragen ga masu gwangwan. Wani mai son jiragen ƙasa daga Pennsylvania, Russell Baum, yana cikin waɗanda suka matsa wa gwamnatin jihar har ta saya, a 1963 aka fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido. Ni dai ina ganin wanda ya je ya dawo da hoton hayaƙi kawai, rabin labarin ya gani.

Jiragen nan ba jabun tsoho ba ne da aka ƙera don baƙi. Shay mai lamba 5 tun 1905 yake wannan dutsen. Mai lamba 6, wanda suke kira Big Six, nauyinsa tan 162, an ƙera shi a 1945, kuma shi ne Shay na ƙarshe da masana'antar Lima ta jihar Ohio ta fitar. Wanda zai ja ku ya danganta da ranar.

Bald Knob ya kai mita 1,476, shi ne na uku a tsawo a jihar. Sanyin can daban yake da na tasha, mun baro rana a ƙasa muka tarar da iska mai ratsa riga, don haka rigar sanyi dole ce ko da bazara. Daga dandalin kallo ana hango faifan Green Bank fari fat a cikin kwari, katafariyar na'urar sauraren sararin samaniya mai faɗin mita 100. Saboda ita ne aka taƙaita siginar rediyo a yankin, waya ba ta samun sabis a Cass da kewaye. A sauke taswira tun daga gida, a kuma sanar da 'yan'uwa kada su tayar da hankali. Saukowa ta fi shiru, masu birki na tsaye a kan taragu suna murɗa sitiyarin ƙarfe, suna ɗaurewa suna sassautawa.

Tikitin doguwar tafiyar ya zo mana da abincin rana, amma mu da ba kowane nama muke ci ba guzurinmu muka riƙo, na kuma ba kowa wannan shawarar. Na yi Azahar a gefen dandalin kallo, ba wanda ya dame ni.

Mai ƙananan yara ko tsoho mai ciwon baya, gajeriyar tafiyar Whittaker ta awa biyu ta ishe shi, don wuraren juyawar nan biyu duk suna cikinta. Daga birnin Washington tuƙin ya haura awa huɗu, ƙarshensa hanyar dutse ce mai kwana-kwana, saboda haka kwana ya fi a yi sammako a dawo cikin dare. Tsofaffin gidajen ma'aikatan kamfanin, farare a jere, ana ba da hayarsu. Jirgin ba ya hawa dutsen da hunturu, kuma a watan Oktoba, lokacin da ganye ke rikiɗa ja da rawaya, sai an yanki tikiti da wuri.